Metiron, Kin Sa Kanki a Ƙarshen Layi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Metiron, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya ta babban asibitin gwamnati, tana da shekara saba'in da 'yan kai. Ta yanke jiki ta faɗi ne a ƙofar gidan wani maras lafiya da ta je dubawa, da jakarta a kafaɗa. A bayan motar kaya aka ɗauko ta, aka kawo ta ɗakin da ta shugabanta shekara da shekaru, aka kwantar da ita a gadon bakin taga. Ni ce a bakin aiki. Ni na sa mata ƙarin ruwa, ni na riƙe hannunta, ni kuma na rufe mata ido.

Metiron, tun daga ranar mutane ke ta ba ni haƙuri, suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma ke kika koya mini cewa in mutum ya mutu a hannun ma'aikaciyar jinya, ba ta cewa kwana ya ƙare ta ɗauki jaka ta tafi gida, sai ta faɗi abin da ya kashe shi. To, yau zan faɗa. Abin da ya kashe ki yana da ofis, yana da mota, yana da kujera a majalisa, har gaisuwarki ya zo.

Amma bari in fara da ke, ko sau ɗaya ne dai a sa ki a gaba.

Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinki, na shigo da fararen kaya sai ƙyalli suke, ga farce zaƙo-zaƙo. Kika dube ni sama da ƙasa, kika zaro ɗan almakashin nan da yake rataye da sarƙa a aljihunki, kika miƙo mini. "Yanke su, 'yar nan. Nan ba gidan biki ba ne." Na yi gunaguni ƙasa-ƙasa, ashe kin ji. Kika ce lallai yau an kawo miki mai tsiwa. Daga ranar sunana na yanka ya ɓace a asibitin nan, kowa Tsiwa yake kirana, har likitoci. Yanzu ni ma na yi furfura, yaran da nake koya wa aiki suna ce mini Sista Tsiwa, ba su ma san inda aka samo sunan ba.

Dokarki ɗaya ce, ba ta sauyawa: mai tsanani tukuna. Ba ruwanki da wanda ya riga zuwa, ba ruwanki da girman riga. Na tuna wani babban ɗan kwangila da ya yanke a yatsa, ya shigo da 'yan rakiya kamar za a naɗa shi sarauta, ya tarar da ke a kan wata mai sharar titi da numfashinta ke sama-sama. Ya buga tebur ya ce, "Kin san ko ni wane ne?" Ko ɗagowa ba ki yi ba. Kika ce, "Na sani mana, kai ne mai ciwon yatsa. Zauna." Ya zauna kuwa. Da kika gama da matar, kika ɗaure masa yatsan da kyau, har kika tambaye shi iyali.

Dokar ba a kan marasa lafiya kaɗai ta tsaya ba, har kanki ta hau. Ke ce ƙarshen cin abinci, ke ce ƙarshen tafiya hutu, ke ce ƙarshen zama. Lokacin da mijina ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, ba ki yi mini dogon wa'azi ba. Kika karɓi aikina kika haɗa da naki, in kin tashi kuma ki biyo ta gidana, ki yi wa yaran wanka, ki share tsakar gida, ki tsare ni har sai na sa wani abu a ciki. Na ce miki kin gaji, ki je ki huta. Kika ce, "Tsakanina da ke wa ya fi tsanani?" 

Da kika yi ritaya mun ɗauka za ki zauna ki yi wasa da jikoki. Ina! Sai kika mayar da unguwar bayan asibiti ɗakin jinyarki. A can tsofaffin ma'aikatanmu suka taru, saboda hayar can ce kaɗai fanshonsu zai iya ɗauka. Kullum da safe sai ki saɓa jaka, da abin awon jini a ciki, ki fita zagaye. Ki leƙa tsohuwar mai wankin asibiti, ki duba tsohon mai gadi da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ki biya wajen tsohon mai ba da magani wanda idonsa ya tafi, ki ƙare da Baba Direba, wanda ya tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya tun ina goye. Ke da shi ciwonku ɗaya, na zuciya, maganinku ma ɗaya. Kullum kuna faɗa a kan gishiri, shi yana rantsuwa bai ci ba, ke kina cewa ƙafarsa ta riga ta ba da shaida.

Fanshonku bai taka kara ya karya ba, kowa ya sani. Amma akwai abu guda da ya riƙe rayukanku: tagar nan ta gefen asibiti, inda ɗan fansho zai nuna katinsa a ba shi maganin wata kyauta. Ba alfarma aka yi muku ba. Tun kuna da ƙarfi ake cire wani abu daga albashinku da sunan ranar tsufa.

Sai aka tayar da muhawara a majalisa. Wasu suka ce a ƙara fansho, tsadar rayuwa ta cinye shi. Wasu suka ce a rage, a kuma rufe tagar magani, baitulmali ya bushe, matasa ba su da aiki. Jagoran masu cewa a rage shi ne shugaban kwamitin fansho. Shi ne ya fito a talabijin riƙe da wani ƙaton almakashi irin na tela, yana buɗe shi yana rufewa, yana murmushi, ya ce tsofaffi sun ci nasu, yanzu kuma suna cin na jikokinsu. Tun daga ranar muke ce masa Mai Almakashi. Ni ma ina da ɗa a gida da ya gama karatu yana zaune, na san zafin rashin aiki, ba sai an yi mini lacca ba. Amma ban ga almakashin ya nufi motocin 'yan majalisa ba, ban ga ya nufi kuɗin zamansu ko jirgin da ke kai su asibitin ƙasashen waje in sun yi atishawa ba. Kai tsaye ya wuce zuwa ga ƙwayar maganin mai wanki.

Wanda bai sani ba, bari ya sani. Mai Almakashi maraya ne, kuma Baba Direba ne kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa. Shi ya ɗauke shi ya riƙe a gidajen ma'aikatan asibiti, da albashin tuƙi ya yi masa karatu. Tabon da ke goshinsa, wanda yake janyo hula ya rufe, ke kika ɗinke shi, Metiron, lokacin da ya faɗo daga katangar ɗakin wanki. Da wannan ɗan almakashin naki kika yanke zaren. Da ya zama wani abu, sai ya riƙa aiko wa kawun nasa buhun shinkafa jefi-jefi ta hannun direbansa, shi kuwa ƙafarsa ba ta ƙara taka unguwar ba. Baba kuma mutum ne mai zuciya, ya gwammace ya mutu da ya roƙi ɗan da ya raina.

Da aka ce kwamiti zai saurari ra'ayin jama'a, kika yi murna kamar yarinya. Kika wanke tsofaffin fararen kayanki kika goge, kika tattara mutanenki, wasu a keken guragu, wasu ana riƙe da su. Kin kwana biyu kina shirya abin da za ki faɗa, har kin maimaita mini shi, wallahi da sun ji shi da wasu sun sunkuyar da kai. Na raka ku. A ƙofar zauren wani ma'aikaci ya ce 'yan fansho su jera kansu yadda za su yi magana. A nan ne kika yi kuskuren da babu mai yin sa sai irinki. Kika dubi mutanenki da idon aiki, kika jera su yadda kika saba: mai tsanani tukuna. Mai gadi a gaba, sai mai ba da magani, sai mai wanki, haka har ƙarshe. Ke da kika fi kowa lafiyar baki da sanin kan zance, kika koma can baya kika tsaya. Na ja ki gefe na ce ki shige gaba, kika harare ni kika ce kowa zai samu.

Mai gadi ya karɓi abin magana da hannunsa mai kyau, harshensa ya ƙi juyawa, yawu yana zubo masa. Mai ba da magani ya juya wa kwamiti baya yana yi wa bango bayani, saboda ba ya gani. Mai wanki ta buɗe baki sai kuka. Na ga wasu 'yan kwamitin suna danna waya, na ga wani yana ƙunshe dariya. Sai Mai Almakashi ya dubi agogo, ya ce an ji koken iyayenmu, lokaci ya ƙure, Allah ya ba su lafiya. Kina tsaye da hannu a sama, ya gan ki, na rantse ya gan ki, idonku ya haɗu, ya tattara babbar rigarsa ya fita ta ƙofar baya. Ke kin ɗauka zauren nan ɗakin jinya ne, inda ba a tashi sai an ga na ƙarshe.

Su kuwa masu cewa a ƙara, waɗanda suka cika mana kunne a rediyo da "iyayenmu, iyayenmu", ranar ƙuri'a kujerunsu da yawa wayam. Wai sun tafi ɗaurin auren 'yar wani abokin aikinsu. Kada su ɗauka na manta da su, nasu kason yana nan. Ƙudiri ya wuce, aka zaftare fansho, aka sa kwaɗo a tagar magani.

Daga nan ba ki ƙara yi mini maganar ba. Kika ci gaba da zagaye kamar babu abin da ya faru. In na tambaye ki magani, sai ki ce kina da shi, in kula da kaina. Autarki ta shaida mini cewa duk wata kina zuwa kanti ki sayo maganinki da ɗan abin da ya rage, da idonta take gani. Ba wanda ya iya ɓoye ciwo kamar ma'aikaciyar jinya. Kika koma sa dogon zane mai rufe ƙafa, in haki ya taso miki a hanya sai ki tsaya kamar kina gaisawa da wani.

Ranar da kika cika, likita ya dube ni ya ce wannan zuciyar ta daɗe ba ta ga magani ba. Na ce ba zai yiwu ba. Sai washegari, a wurin zaman makoki, Baba Direba ya kira ni gefe. Ya zaro wasu 'yan guntayen katin magani daga aljihu, ya ce yanzu wa zai riƙa kawo masa ragowar asibiti, tunda ke ce kike samo masa. Babu wata ragowar asibiti, ni nake ciki, na sani. Na karɓa na duba. An yanka katin ƙwaya bibbiyu, an zagaye kusurwoyin don kada su karci hannun tsoho. Duk asibitin nan mutum ɗaya ce take yanka kati haka. Na zauna a ƙasa. Baba ya yi shekaru yana ɗaukar marasa lafiya da gawa, ya iya karanta fuska. Ya dube ni, ya dubi guntayen, ya ce, "Nata ne?" Na gyaɗa kai.

Kin auna zuciyarsa, kin auna taki, kika ga tasa ta fi tsanani. Shi ke nan. Ba ki ma ɗauke shi sadaukarwa ba, na san ki, aiki kawai kika ɗauke shi.

Ana cikin haka sai ga jiniya. Mai Almakashi ya iso da jerin motoci, da masu ɗaukar hoto, da buhuna ana saukewa. Ya tsuguna gaban babban ɗanki, malamin makaranta, ya karkata fuska wajen kyamara, ya ce an yi rashin uwa, shi ma ɗanta ne, in akwai abin da ya taɓa shiga tsakani a yafi juna. Jinina ya tafasa, na yunƙura, sai na ji hannun Baba a kafaɗata. Ya miƙe da ƙyar, ya tako har gaban Mai Almakashi, ya kamo hannunsa ya buɗe tafin, ya zuba masa guntayen.

"Riƙe," in ji shi. "Ran Metiron ke nan. Kai ka yanke, ita ta raba, ni na haɗiye ban sani ba. Na ɗauke ka ba ka da kowa, na ci da kai kafin in ci da kaina. Daga yau kada bakinka ya ƙara ce mini kawu."

Mai Almakashi ya waiwaya. Ya yi wa masu hoto alama su kashe, amma wayoyin mutane ba a ƙarƙashin kwamitinsa suke ba. Babban ɗanki, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce a mayar da buhunan cikin mota. Aka mayar. Mai Almakashi ya fita yana ta gyara hula, tabon goshinsa a waje.

Metiron, ga halin da kika bar ni a ciki. Autarki ta ba ni jakarki, da abin awon jinin da almakashin, ta ce ni ce magajiyar zagaye. Na karɓa. Amma Baba ya ƙi shan magani. Na sayo masa da kuɗina, ya ture, ya ce ba zai ƙara haɗiyar ran kowa ba. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Na lallashe shi, na yi masa tsiwar da kika san ni da ita, har na ce masa in ya mutu ya mayar da mutuwarki ta banza. Ya yi kuka, ya sha rabi. Ya ce ba zai koma sha yadda ya kamata ba sai ranar da aka buɗe tagar nan ya karɓi haƙƙinsa da katinsa. Mai gadi da mai wanki su ma suna nan suna lallaɓawa da abin da ya samu. Albashina ba zai riƙe su duka ba. In tagar nan ba ta buɗe ba, zan bi su ɗaya bayan ɗaya ina rufe musu ido.

Yanzu kai, Mai Almakashi, na san za a kai maka wannan rubutun. Ban yafe ba. Ka ji da kyau, ban yafe ba, kuma Allah ya isa tsakaninmu da kai. Ba na yi maka fatan mutuwar gaggawa, wannan ai sauƙi ne. In Allah ya kawo ka ɗakina rai a hannun Allah, zan yi maka jinya yadda ta koya mini, ba zan rage maka ko rabin ƙwaya ba, don ina so ka tashi. Ina so ka tsufa. Ina roƙon Allah ya raba ka da kujerar nan, wayarka ta daina ƙara, masu buɗe maka ƙofar mota su watse, gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, ka tsaya a gaban tagar da ka rufe da hannunka kana ƙwanƙwasawa. Ina so ka ɗaga hannu a taro, wani yaro da ka raina ya dubi agogo.

Kafin nan ma ba zan zauna jira ba. Duk hannun da na ɗaura wa abin awon jini a unguwar nan sai mai shi ya ji abin da ka yi, shi da 'ya'yansa da jikokinsa masu ƙuri'a. Jikokin nan da ka ce tsofaffi suna cin nasu, su ne suka ɗauki makarar Metiron, kuma sun ga abin da aka zuba maka a hannu. Hayaniyar da ta biyo bayan hoton da mutane suka ɗauka da waya a wurin makokin ta sa majalisa ta ce za ta sake duba dokar, za a sake zaman sauraron jama'a a wata mai zuwa. An riga an kira ni ofis an ja mini kunne, wai ma'aikaciyar gwamnati ba ta sa baki a siyasa, in tuna ritayata ta kusa, kada in rasa nawa fanshon. Na gode da tunatarwa. Zan je. Zan kawo su Baba in jera su a sahun gaba inda dole ka kalle su, amma abin magana a hannuna zai fara sauka, kuma ba zan sake shi don agogon kowa ba. Ki gafarce ni, Metiron, a wannan zauren kaɗai zan karya dokarki. Abin da kika shirya faɗa yana nan a kaina, da bakina za su ji shi, kuma kin san bakina bai kai naki ladabi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga babban ɗanta da autarta, da surukai da jikoki, da Baba Direba da sauran tsofaffin bayan asibiti, da duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa yanke farce a gabanta. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya raya abin da ta bari, ya ba Baba ikon haɗiyar maganinsa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Ka sa duk raunin da ta wanke, da duk ƙwayar da ta hana kanta, su zame mata nauyi a mizani. Ta yi rayuwarta a ƙarshen layi. Ya Ubangiji, ranar da kowa zai tsaya a gabanka, ka kira ta a farko. Ka kuma tsayar mata da Mai Almakashi a wurin, inda babu agogo kuma babu ƙofar baya, har sai ta gama maganarta.

Amin.